Jaririn da Jouni Ya Turo Gida

In ka tambayi Jouni Alatalo 'ya'yansa nawa, ko ɗago kai ba zai yi ba zai ce maka goma sha ɗaya. Nan kam ba ya kuskure. A ƙofar coci yana ƙirgawa, a bakin motarsa yana ƙirgawa, yana bin hulunan yaran da yatsa kamar mai ƙirga buhuna. Shekara goma sha tara da aure bai taɓa mance yaro a ko'ina ba, kuma ba ya bari kowa a garinsu Liminka ya manta da wannan bajinta tasa.

Kafinta ne, a birnin Oulu yake aiki. In sanyi ya shigo, da duhu yake fita, da duhu yake dawowa. Autansa Aatos kuwa a watan Oktoba aka haife shi, don haka in za a faɗi gaskiya, Jouni ya fi sanin yaron a matsayin ƙunshin bargo a kafaɗar matarsa Marjut. Yana ƙaunarsa, ba shakka. Shi ne na goma sha ɗaya.

Ranar Lahadin sulu, ranar da garin kaf ke fita tudun bakin kogi don wasan sulalowa a kan dusar ƙanƙara, ƙanwar Marjut ta fara naƙudar fari a Oulu. Marjut ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, takalmi ɗaya a ƙafa, tana ta jero masa umarni.

"Nonon Aatos yana cikin firji, kwalba uku. Da ruwan ɗumi za ka ɗumama, ban da wuta. In yana barci kada ka tashe shi, ko da gidan ne ke ci da wuta. Ko in ce wa Mummo ta shigo?"

Mummo ita ce mahaifiyar Jouni, Aune, wadda ke zaune a ƙaramin gidan da ke can ƙarshen tsakar gida. Tun da ta yi jikan fari babu mai kiran sunanta a gidan, sai Mummo, wato Kaka.

"Bar Mummo da gwiwarta," in ji Jouni. "Haba Marjut, goma sha ɗaya ne fa, ba ɗari ba. Na taɓa ɓatar miki da ko ɗaya?"

"To, sarkin lissafi. Tayar keken Aatos kuma, yau sati uku nake roƙonka ka ɗiga mata mai. Ƙararta har cikin haƙorina nake ji."

"Yau ɗin nan."

"Haka ka ce wancan satin."

Ranar ta yi kyau har ta gaji. Ma'aunin sanyi ya nuna sha bakwai ƙasa da sifili, sama fes babu ko ɗigon gajimare, itatuwa sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari. A kan tudun kuwa ba masaka tsinke. Yara na sulalowa a kan katakai suna ihu, manya na tsaye da kofunan miyar wake mai zafi, ga burodi mai kirim ana ta rabo. Jarirai kuma suna inda suka saba, a waje. An jera kekunansu a jikin bukkar da ake dafa miyar, sun kai ashirin, kowanne da buzu a shimfiɗe a ciki, jaririn a naɗe, hanci kawai ake gani. Ai yaron da bai shaƙi iska mai sanyi ba barcinsa ba ya nauyi, wannan kowace uwa ta sani. Rabin kekunan shuɗaye ne iri ɗaya, masu manyan tayoyi, don su kaɗai ke iya ratsa dusar ƙanƙarar garin. Jariran bana kuwa duk rigarsu ɗaya, wadda ke zuwa a cikin akwatin kayan haihuwa da gwamnati ke ba kowace mai ciki. Ta bana ruwan toka ce, mai zanen ƙananan tsuntsaye.

Jouni ya ajiye keken Aatos a cikin layi, ya shiga wasa. Ya hau katako da 'yan biyunsa suka kife a gindin tudu, ya ɗaure igiyar takalmi ta kai sau ashirin, ya share majina iri-iri. Da ƙarfe biyu ya yi fito, yaran suka taru, ya bi huluna da yatsa. Goma. Ya je jikin bukka, ya leƙa keke shuɗi, ya ga tsuntsaye, ya ga hanci. Goma sha ɗaya. Suka kama hanyar gida a ƙasa.

A hanya ne ya lura tayar ta daina ƙara. Shiru kake ji, keken na tafiya sumul. Sai ya yi murmushi. Ka ji mata da ɗaga hankali, abin da sanyi ya gyara da kansa! Har ya shirya yadda zai faɗa wa Marjut. Bai tuna ba cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ya ajiye keken a baranda kamar kullum, ya shiga aka hau tuɓe kayan sanyi, safuna da huluna aka baje su a kan injin ɗumama ɗaki har gidan ya ɗauki warin jiƙaƙƙen ulu. Wajen uku da kwata aka ji kuka daga baranda. Ya fita ya ɗauko jariri, ya zuge rigar tsuntsaye, ya bar masa hularsa, ya zauna ya ba shi kwalba. Jaririn ya shanye tas, ya yi gyatsa. Jouni ya rungume shi ya kai minti goma, yana magana da manyan yaran ta bisa kansa. Sannan ya kwantar da shi a kan tebur zai canza masa nafkin.

Ya buɗe. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

Lempi, 'yar shekara biyar, ta ɗaga ƙafa ta leƙo. "Baba, Aatos ya zama mace?"

Wayyo! Jouni ya kai hannu kan jaririn. Ya zare hular, sai ga gashi ja kamar bawon albasa. Jaririyar ta dube shi da idanu manya, ba ta da wata damuwa a duniya, cikinta cike da nonon Marjut. Shi kuwa abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: keke shuɗi shi kaɗai a jikin bukka, kowa ya watse, rana na faɗuwa, sanyi na ƙara sauka. Ina ɗansa?

Bai san lokacin da ya naɗe yarinyar ya ratsa tsakar gida da silifa ba. Mummo na zaune bakin taga da saƙarta, ƙafa ɗaya a kan kujera.

"Mama, na ɗauko 'yar mutane! Aatos... ban san inda Aatos yake ba."

Mummo ta ƙarasa layin da take saƙawa tukuna, ta soke allurar a cikin ƙwallon ulu. "Rufe mini ƙofa, kana fitar da ɗumi. Ka ji ƙararrawar coci?"

"Wace ƙararrawa kuma?"

"Da akwai uwar da ta nemi kekenta ta rasa, da yanzu an tashi garin nan tsaye. Tunda shiru, tana da keke. Tunda tana da keke, naka ne. Yaushe ka gane?"

Ya hau gyara wa yarinyar naɗinta.

"Na ce yaushe ka gane?"

"Da na zo canza nafkin."

"Ka ɗauke ta, ka ba ta nono, ba ka gane ba?"

"Da hula a kanta, Mama."

Irin kallon da ta yi masa, gara mari. "Gida arba'in ke da jariri a garin nan," in ji shi da sauri. "Bari in fara buga musu waya ɗaya bayan ɗaya."

"Ka gama da safe. Miƙo mini ƙafarta."

Ta zare safa daga ƙafar yarinyar, 'yar mitsitsiya, ko babban yatsan Jouni ba za ta rufe ba. Ta juya cikinta waje, ta ɗaga ta ga hasken taga, ta ja diddigen da farce, har ta sansana.

"Wannan ba ulun kanti ba ne, na tumakin gida ne, kuma da ganyen bishiya aka rina shi. Diddige mai ninki biyu, mu uku ne muka rage muna yinsa a garin nan: ni, da Marjut da na koya wa, sai mutum ɗaya. Dubi yadda zaren ya kwanta, ta baya ya biyo. Hannun hagu ne. Saara Ylitalo." Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Benci ɗaya muka zauna a makaranta. Malama ta yi ta bugun hannun nan don ta koma dama, ta ƙi. Har yau tana ɗaure bakin zare sau biyu, matsoraciya."

Jouni ya tsaya baki buɗe. Ikon Allah! Shi da yake taƙama da iya karanta zanen gini, ga tsohuwa ta karanta sunan mutum, da hannunsa, da halinsa, a jikin abin da bai kai ganye ba. Shekara arba'in da uku yana sa safar da matar nan ta saƙa, bai taɓa sanin akwai sa hannu a ciki ba.

"Amma Saara ta haura tamanin, Mama."

"Jikokinta da tattaɓa-kunne sittin da huɗu, babu wanda ya taɓa taka ƙasa da safar wani. Bana an haifa mata huɗu. Kuma ranar sulu duk a gidanta suke taruwa. Ɗauko mota. Ɗauko keken mutane. Sa takalmi, sakarai!"

Ya buga gidan Saara, waya ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Gidan da mutum saba'in ke cin abinci, wa zai ji waya? Ya bar ƙananan a hannun manyan, ya cusa keken a bayan mota, ya tallabi Mummo ta hau da jaririyar a ƙirji. Duk da maganar ƙararrawa, sai da ya bi ta tudu. Babu kowa, babu keke, sai sawun tayoyi birjik da safar hannu ɗaya da wani yaro ya yar. Ya saki numfashi. In Mummo ta yi kuskure fa? In ba can ba ne?

Gidan Saara na ƙarshen gonakin dankali, dogon gida ja mai baranda da ke kallon yamma. Rana ta sauka har ta kusa taɓa ƙasa, filin gaba ɗaya ya koma ruwan zinari, inuwar itatuwa kuma shuɗiya. Jouni ya kashe mota ya fito. Tsit. A kan barandar kekuna huɗu ne a jere, ɗaya ja, uku shuɗaye. Daga cikin kowanne wani siririn tururi na tashi, ya tsaya, ya sake tashi, hasken rana na kama shi. Numfashinsu ne. Rayuka huɗu da ba su kai rabin shekara a duniya ba, a kwance a cikin sanyin da ke fasa dutse, suna barci abinsu hankali kwance. Sau dubu ya wuce irin wannan bai tsaya ba. Yau sai ya tsaya.

Ƙofa ta buɗe, Saara ta fito da sanda, 'yar ƙarama, a duƙe, bayanta wata matashiya mai jan gashi riƙe da faranti.

"Aune! Ashe kina raye?"

"Ina jira ki riga ni. Ga safarki na kawo miki, da ƙafar a ciki."

Matashiyar, Outi, matar jikan Saara ce. Ta dubi abin da ke ƙirjin Mummo, ta dubi kekunan, ta sake duban Mummo. Faranti ya faɗi. Tsalle ɗaya ta yi ta fizge 'yarta, tana sansanar kanta, tana kuka tana dariya. "Hilja! Hilja tawa! To wa ke... ni da nake ta cewa yau yarinyar nan ta yi barcin kirki! Mijina ne ya turo keken, na ce masa ya duba, ya ce ya duba!"

"Shi ma wannan ya duba," in ji Mummo.

Kafin ka ce kwabo tagogin gidan sun cika da fuskoki, manya da yara, an danna hanci a gilashi. Outi ta ɗaga hannu za ta nuna inda mijinta ya ajiye keken, Saara ta sauke mata hannun da kan sanda.

"Uban yaro ya zo. Bar shi ya ɗauki ɗansa."

Jouni ya hau baranda. Dabara ta faɗo masa: tayar! Ya kai hannu zai girgiza keken farko ya ji ko zai yi ƙara.

"Kul!" in ji Mummo. "Ba keke ka haifa ba."

Ya kai hannu wajen ƙafa, ko zai ga saƙar Marjut.

"Ban da safa. Wannan aikina ne, na yi na gama. Kai fuska za ka duba."

Babu yadda ya iya. Ya cire safar hannunsa, ya durƙusa gaban keken farko, ya ɗan janye bakin bargo da yatsa. Kumatu jajaye, ido a rufe, hanci kamar ƙwayar wake. Jariri ne. Zai iya zama na kowa. Ya matsa ga na biyu. Kumatu jajaye, ido a rufe, farin sanyi ya ɗan kama gashin ido. Ya daɗe yana kallo, zuciyarsa ba ta ce masa komai ba. Nan tsoro na gaske ya kama shi, wanda ya fi na ɗazu. In na ukun ma haka ne fa? In ya tsaya a gaban mutum saba'in da uwar da ta haife shi, ya ce bai sani ba? Ya yi ƙoƙarin tuno fuskar Aatos, abin da ya zo masa kawai bargo ne a kafaɗar Marjut. Kunya ta rufe shi, har zufa ta karyo masa a cikin wannan sanyi.

Ya ja gwiwa zuwa na uku. Ya janye bargon.

Wannan ya tsotse leɓensa na ƙasa ya shigar ciki. Girarsa ta hagu ta ɗaga sama ta fi ta dama, da wani ɗan layi a tsakaninsu, kamar wanda aka ba wani labari a mafarki bai yarda ba. Jouni ya san wannan fuska. Ya san ta tun kafin ya san tasa. Haka mahaifinsa Eino yake barci a kan bencin kicin bayan abincin rana, hula a ciki, gira ɗaya a sama, su yara suna tafiya da sanɗa. Shekara biyu ke nan da suka binne shi a bayan coci. Ga shi nan kwance cikin rigar tsuntsaye, ko haƙori babu.

"Baba," in ji Jouni. Bai yi niyyar faɗa ba, fitowa ta yi.

Muryar ce ta tashe shi. Yaron ya buɗe ido, ya yi ta ƙifce-ƙifce saboda haske, sannan idon ya sauka a kan fuskar da ke bisa kansa. Bai yi wani tunani ba, bai duba na farko da na biyu ba. Nan take bakin ya washe, duk jikin ya hau motsi a cikin naɗin, ƙafafu na harbin bargo, yana wata ƙara kamar ɗan tsuntsu.

"Ka gani?" in ji Mummo daga bayansa, muryarta ta sauka. "Kullum yamma in ya ji tsayuwar motarka, sai ya saki nono ya juya kai wajen ƙofa. Kai kuwa ka shigo ka taɓa hularsa ka wuce."

Jouni ya ɗago yaron ya manna shi a wuyansa. Ɗumi ne da shi kamar burodin da aka fitar yanzu. Hawaye suka zubo masa suka daskare a gemu, bai damu da masu kallo ta taga ba. A ciki wani ya fara tafi, Saara ta ɗaga sanda aka yi shiru, don sauran ukun ba su tashi ba.

Sai da aka tilasta musu shan kofi. Outi ta ce tunda 'yarta ta shanye abincin Aatos, adalci shi ne ta rama, ta zauna ta shayar da shi. Mijinta ya fito daga inda ya ɓuya, shi da Jouni suka yi musabaha, kowa na kallon ƙasa. Da Jouni ya tura kekensa zuwa mota, tayar ta saki ƙararta, ƙiiƙ, ƙiiƙ, har ƙarshen tsakar gida.

A wajen cin abincin yamma yaran suka zauna suna jiran yatsa ya bi ta kansu. Bai bi ba. Jouni ya zauna da Aatos a cinya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har babbar 'yarsa ta ce, "Baba, lafiya? Akwai wani abu a fuskata?" Ashe ɗaya daga cikin 'yan biyun yana da tabo a haɓa. Ashe Lempi da hagu take riƙe cokali.

Suna cikin haka waya ta yi ƙara. Marjut ce, muryarta a gajiye, cike da murna. Ƙanwarta ta sauka lafiya, namiji.

"Can fa?" in ji ta. "Sun cika?"

Abin da take tambaya ke nan kullum, shi kuma kullum ya ce goma sha ɗaya. Ya dubi yaron da ke hannunsa, wanda ya kama masa gemu ya ƙi saki.

"Marjut, tun yaushe Aatos yake da girar Baba?"



"Tun ranar da aka haife shi," in ji ta. "Wata huɗu ke nan ina jira in ji ranar da za ka faɗa."